Kwalabe Ɗari da Arba'in na Iya Tinu

Dakta Ibironke Ajetunmobi shekarunta sittin da shida. Mijinta ya rasu, 'yarta ɗaya, Tinuola, kuma da sunan 'yar ne duk unguwar Eleyele ke kiranta Iya Tinu. Shekara talatin da uku ta yi a wata ƙaramar cibiyar bincike a nan Ibadan, tana nazarin sinadaran da ke cikin ƙwaƙwalwar tsofaffi masu cutar mantuwa. Bara ta yi ritaya. Amma tun watan Janairun bana, duk Talata da Alhamis 'yarta kan ajiye ta a ƙofar cibiyar da ƙarfe takwas na safe, ta dawo ta ɗauke ta kafin sha biyu, domin in rana ta take, kan Iya Tinu ba ya ɗaukar komai.

Abin da ke kawo ta wata firiza ce da ke bene. Har zuwa tsakiyar watan nan akwai 'yan kwalabe ɗari da arba'in a cikinta, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba, kowace da ɗan yankin ƙwaƙwalwar wani tsoho ko wata tsohuwa da suka rasu. Tarihin ciwon waɗannan mutane yana cikin fayil-fayil a ɗakin da ke kusa. Wace kwalba ce ta wane fayil, ba wanda ya sani duk duniya sai ita. Ita kuwa shekara biyu ke nan da likita ya tabbatar mata cewa cutar da ta ƙare ƙuruciyarta tana bi ta juyo ta kama ta.

A Iseyin aka haife ta, gidan masaƙa. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya kakarta ta wajen uba ta fara zuba gishiri sau uku a tukunya ɗaya. Daga nan ta shiga kiran ɗanta da sunan mijinta da ya daɗe a ƙasa. Wata safiya aka tsince ta a gonar rogon wani, zani a kwance, ba ta san yadda ta je ba. Gari ya ɗauka mayya ce ta faɗo a hanyar dawowa daga yawon dare. Yara suka jefe ta. Dangi suka rufe ta a ɗakin baya don gudun abin kunya, kuma Ibironke ce ke miƙa mata agidi ta taga, shekara biyu, har ta rasu.

Ba ta cika ba da wannan labari ba. In ɗalibai sun tambaye ta abin da ya kai ta karatun sinadaran jiki har Birtaniya, kuma ya dawo da ita gida alhali an ba ta aiki a can, takan ce sanyi ne ya koro ta.

Aikinta a kan wani furotin ne da ake kira tau. Takan bayyana shi da harshen gidan ubanta. Tau, in ji ta, zare ne da ke riƙe hanyoyin cikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. In yana lafiya yakan kwanta a miƙe. In ya lalace sai ya naɗe ta inda bai kamata ba, ya jawo na kusa da shi, su cukurkuɗe, kamar zaren da akuya ta shiga tsakiyarsa. Ƙwayar ta mutu, sunan jika ya tafi tare da ita. Tambayar da ta riƙe ita ce: shin cukurkuɗin da ke kan tsofaffinmu iri ɗaya ne da wanda Turawa suka gani a nasu? Littattafan da ta karanta kusan duk a kan ƙwaƙwalwar Turawa aka rubuta su.

Ba a amsa wannan tambaya sai da ƙwaƙwalwar mamaci a hannu. A garin da ake so a mayar da tsoho ƙasa cikakke kamar yadda ya zo, wannan ba ƙaramin roƙo ba ne. Shekara huɗu tana duba marasa lafiya tana cika fayil, ba gida ɗaya da ya yarda.

Gidan farko da ya yarda na wata mai sayar da goro ce a Oje, wadda ake kira Iya Bose. Dakta Ajetunmobi ta yi shekara uku tana zuwa duba ta. Ranar da ta rasu, Dakta ta durƙusa gaban 'ya'yan fiye da awa guda. Babbar 'yar, Bose, tela ce mai kaifin baki. Ta yarda, amma ta ce sai ta bi su ta ga inda za a ajiye abin. A cibiyar ta hango 'yar takardar da aka manna wa kwalbar.

"Mene ne wannan?"

"Lambar Mama ce. Ɗari biyu da sha bakwai."

"Lamba? Uwata motar haya ce? Ni da na sha nononta ban taɓa kiran sunanta na yanka ba, ke za ki kira ta ɗari biyu da wani abu? Ba ni kayana, mu tafi."

Dakta ta ɓare takardar a gabanta, ta ɗauki sabuwa ta rubuta: Iya Bose, Oje. Bose ta karanta, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta ce, "To, yanzu kika yi magana."

Labari ya zaga coci-coci da masallatai cewa likitar Eleyele ba ta sa wa iyayen mutane lamba. Wannan ne ya buɗe mata ƙofofi. Cikin shekara goma sha bakwai gida ɗari da arba'in suka yarda. A kowace kwalba ta rubuta sunan da ake gaida tsohon da shi, da unguwarsu: Baba Kunle, Agugu. Iya Ibeji, Molete. Fayil-fayil kuwa, bisa dokar bincike, ba suna a jikinsu, ba unguwa, lamba kawai. Abin da ya haɗa suna da lamba wani babban littafi ne mai jan bango, wanda take cikawa da alƙalamin tawadar da mijinta ya ba ta. Tana ajiye shi a aljihun teburinta na ƙasa, tare da takardun amincewar dangi, masu ɗauke da adireshin kowane gida. Ofishinta a ƙasa yake.

Mutum ɗaya ne ya dame ta a kan littafin nan: Lamidi Oyewusi, mai kula da na'urorin ɗakin gwaji, wanda suka fara aiki shekara ɗaya da ita. Ita tana kiransa Baba Risi. Musulmi ne, ita Kirista. Ragon layyarsa ba ya wuce ta, shinkafar Kirsimetinta ba ta wuce shi.

"Iya Tinu, littafi ɗaya fa ido ɗaya ne," yakan ce. "Mai ido ɗaya ba ya shiga wasan jifa. Ki bari in kwafe."

"Baba Risi, cikinka ma ɗaya ne, ya taɓa ɓace maka? Kullum ga shi nan gaba da kai. Bar mini littafina. Sirrin mutane ne."

"To ki rubuta lambar a gindin kwalba, ƙanana. Wa zai gani?"

"Ni zan gani. Alkawari na yi."

A daminar 2011 ambaliya ta shiga cibiyar. Da suka iso da safe ruwa ya kai tagogin ƙasa, babban janareta ya nutse. Firizar tana bene, ruwa bai taɓa ta ba, amma ba wuta, kuma abin da ke ciki in ya narke ya tashi aiki. Baba Risi ya aro ƙaramin janareta wurin surukinsa, suka ɗaura shi a kan ƙyauren ƙofa, mutum huɗu suka ratsa ruwa da shi. Kwana uku suna jigilar mai a jarka. Ko kwalba ɗaya ba ta narke ba.

Rana ta huɗu ta ja aljihun tebur. Littafin ya kumbura ya zama kamar tuwo. Tawadar ta bi ruwa, shafukan duk sun rine shuɗi. Takardun dangi sun manne sun zama dunƙule ɗaya.

Baba Risi bai ce ai na faɗa ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa.

"Kada ka yi mini fuskar makoki," ta ce, ta taɓa goshinta. "Duk suna nan. Na ci abinci a gidajensu."

Gaskiya ta faɗa. A lokacin, in ka karanta mata layi biyu daga fayil, sai ta gaya maka sunan, da launin ƙofar gidan, da jikan da ya kawo mata ruwa. A watan da ya biyo ta sayi sabon littafi ta rubuta ashirin da shida. Sai mijinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara shida tana jinyarsa tana koyarwa. Bayan rasuwarsa aka ɗora mata shugabancin sashe. Sabbin kwalabe ba su ƙara shigowa ba, don kuɗin aikin ya ƙare. Duk shekara Baba Risi kan ɗauko littafin ya kakkaɓe ƙura ya ajiye mata a tebur, duk shekara takan ce in an yi hutu. Shekara goma sha biyu suka wuce a haka.

Ba ta yi suna a duniya ba. Ta wallafa takardun bincike goma sha ɗaya, ta yaye ɗalibai da yawa, wasu yau suna ƙasashen waje. Ta daɗe tana zargin cewa naɗin tau a wasu kwalabenta ya sha bamban da wanda aka sani, amma na'urar da za ta nuna hakan babu ita a ƙasar nan. Takan ce ita ta tara zaren, wani zai zo ya saƙa.

Baba Risi ne ya fara lura. Ranar wata Litinin bayan Ista ta kawo masa miyar ganye da amala a kula, kamar yadda ta saba. Loma ɗaya ya yi ya ajiye. Ta ga fuskarsa, ta sa yatsa ta ɗanɗana. Gishiri ne kamar an kwaso daga teku. Ta rufe kular a hankali, ta zauna.

"Sau nawa na zuba?" ta ce. Ba shi take tambaya ba.

Gwajin da ake yi wa masu mantuwa akwai kalmomi biyar da ake faɗa wa mutum, bayan ɗan lokaci a ce ya maimaita. Ta yi wa ɗaruruwan mutane shi, ta haddace kalmomin kamar sunanta. Saboda haka da ta je wurin likita, wani tsohon ɗalibinta, ta ce ya canza su, kada ta ci jarrabawa da satar amsa. Ya canza. Biyu ta tuna. Likitan ya fara kame-kame, ta katse shi. "Ni na koya maka wannan jawabin. Rubuta abin da ka gani."

A ƙarshen bara wata wasiƙa ta zo daga wani ɗakin bincike a Turai, inda wata tsohuwar ɗalibarta ke aiki. Suna da na'urar da ke nuna naɗin furotin zare-zare, kuma sun yarda su duba kwalabenta. Sharaɗi ɗaya: kowace kwalba sai da fayil ɗinta, domin nama ba tarihi ba ya gaya wa kowa komai. Za a ɗauki kayan a watan Disambar bana. Kwamitin cibiyar kuma ya yanke cewa duk kwalbar da ta rage ba fayil, doka ba ta yarda a ci gaba da ajiye ta ba.

Haka zaman Talata da Alhamis ya fara. Baba Risi ya kwafe sunayen kwalaben a takarda. Yakan buɗe fayil ya karanta da ƙarfi, ita ta lumshe ido.

"Ɗari uku da biyar. Namiji, shekara tamanin da ɗaya. Makaɗi. Ya fara da manta hanyar masallaci."

"Baba Kunle."

"Baba Kunle huɗu gare mu, ranki ya daɗe. Garin nan kowa Kunle ya haifa."

"Na Agugu, mai haƙorin azurfa. Ya ce zai aure ni in mijina ya sake ni."

"Ashe tun lokacin idonsa ya lalace."

"Ka ji ɗan baƙin ciki. Rubuta."

Amma ba ya rubutawa nan take, don ita ta kafa doka tun ranar farko. Sai ya ɓoye fayil ɗin mako biyu, ya sake karanta mata shi cikin wasu, ba gargaɗi. In ta faɗi sunan da ta faɗa a baya, a shigar a littafi. In ta sauya, a ajiye gefe. Ta ce ita yanzu na'ura ce da ta fara lalacewa, kuma ba a yarda da awo ɗaya daga irin wannan na'ura.

Watanni huɗun farko sun shigar da arba'in da ɗaya, ƙari a kan ashirin da shidan da ta rubuta tun bayan ambaliya. Daga Mayu zuwa Agusta, goma sha biyar.

Tinuola, wadda malamar makarantar sakandare ce, ta ɗauki ranakun Asabar tana bin unguwanni da jerin sunaye a jaka. Neman Iya Ibeji a Molete ba adireshi kamar neman allura ne a rami. Wasu gidajen an rushe su, wasu 'ya'yan sun koma Legas, wasu su ma sun rasu. Gida bakwai ta samu da suka tuna shekarar rasuwa da sana'a har aka gane fayil. A yawon nan ta faɗa shagon Bose a Oje. Bose ta tsufa, ido ya yi rauni, bakin yana nan. Ta saurari labarin har ƙarshe, ta tafa hannu.

"Ikon Allah! Duk bokon nan? Ni cewa na yi kada a kira uwata da lamba. Na ce kada a rubuta a gindin kwalba? Ai da ta sa duka biyun."

Tinuola ta yi kwana biyu tana shawara kafin ta gaya wa uwarta. Iya Tinu ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Baba Risi ya samu 'yar uwa." Daga baya dariyar ta tsaya, hawayen bai tsaya ba.

A Satumba da Oktoba biyu kawai suka shiga littafi. Wata Alhamis Baba Risi ya karanta mata fayil ɗin wata mai rini, ta ce Iya Sade ta Beere, ba ko tantama. Ya duba takardarsa. Mako biyu da suka wuce Iya Dupe ta ce, da irin wannan tabbacin. Ya ajiye alƙalamin.

"Na sauya, ko?"

"Ɗan kaɗan."

"Ba a sauyawa ɗan kaɗan."

"Iya Tinu, ki saurare ni. Na farkon da safe kika faɗa, kanki garau. Ni ma kamar ina tuna Iya Dupe da baƙin hannu irin na marina. Mu sa ta. In ba haka ba, baiwar Allah nan ta ba da kanta a banza."

"Kamar kana tunawa."

"Kamar."

"In muka sa ƙwaƙwalwar Iya Dupe a kan ciwon Iya Sade, yarinyar can za ta duba da na'urarta ta rubuta ƙarya, wasu su karanta su gina a kai. Shekara talatin ban yi ba, sai yanzu da ba ni da wayon ɓoyewa?" Ta miƙa hannu ta rufe fayil ɗin da kanta. "Nawa muka samu?"

"Casa'in da ɗaya."

"Saura?"

"Arba'in da tara."

"To mun gama. Abin da zan faɗa daga yau zato ne."

Abu ɗaya ta roƙi kwamiti: kada a ƙone sauran. Aka ba ta izini. A tsakiyar Nuwamba, da hantsi, aka binne kwalabe arba'in da tara cikin ƙaramin akwatin katako a wata maƙabarta da ke bayan gari. Fasto ya zo, liman ya zo, don ba a san addinin kowa ba. Baba Risi ya karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya. Iya Tinu ta durƙusa tun sunan farko, kamar yadda ta durƙusa a gidajensu, ta ƙi tashi har na ƙarshe. A wasu sunayen leɓɓanta sun motsa. A yawancinsu ba su motsa ba.

Casa'in da ɗaya suna firiza suna jiran Disamba. Ko na'urar za ta nuna abin da take zargi, ba wanda ya sani, kuma likitanta bai yi wa Tinuola alkawarin cewa uwar za ta fahimci amsar in ta zo ba.

Tun makon da aka gano cutar ta sa hannu a takardar ba da tata ƙwaƙwalwar. Tinuola ta yi wata guda ba ta yarda ba, tana cewa, "Mama, kin ba su shekara talatin da uku, ba su ƙoshi ba?" Daga baya ta sa hannu a wurin shaida. An buɗe mata fayil kamar kowa, lamba ɗari shida da arba'in da ɗaya.

Ranar Talatar da ta wuce ta sa 'yarta ta kawo ta, ko da yake aiki ya ƙare. Ba ta iya hawa bene ba, ta zauna a tsohon ofishinta. Ta ce Baba Risi ya kawo mata kwalbar da ba komai a ciki, da 'yar takardar mannawa. Ta rubuta: Iya Tinu, Eleyele.

"Rubutun nan dai har yanzu tonon kaza ne," in ji shi.

"Kazar ta fi ka digiri. Mece ce lambata?"

Ya faɗa. Ta rubuta shida, ta tsaya, ta sake tambaya. Sau uku ya faɗa kafin lambar ta cika a ƙarƙashin sunan. Ta manna takardar da babban yatsa, ta sa ya shigar da suna da lamba a littafi, sannan a wani sabon littafi na biyu da ya sayo, inda ya riga ya kwafe casa'in da ɗayan.

"Littafi ɗaya a ajiye shi bene," ta ce.

"Na sani."

"Yanzu."

Ya ɗauki littafin ya fita. Ta miƙe ta bi shi har gindin matakala, ta riƙe ƙarfen da hannu biyu, kanta a ɗage. Tinuola ta ce su tafi, rana ta yi. Ta ƙi motsawa sai da ta ji ƙarar aljihun tebur ya rufe a sama.